Itacen Murjani da Iƙamata

Ranar da na sauka Jidda babu wanda ya zo tarbata. Ejan da ya yi mini biza a Kano ya rantse mini cewa gonar dabino na jirana a Madina, da ɗakina, da injin ban-ruwa, kuma wani Abu Salim zai tsaya a ƙofar fita riƙe da takarda mai sunana. Na tsaya a ƙofar nan da jakata tun hantsi har aka kira la'asar. Takardar kowa sai da na leƙa, har ta 'yan Indonesiya. Na kira lambar ejan, a kashe.

Wani Bahaushe mai tura keken kaya ne ya gaji da ganina ya matso.

"Malam, wa kake jira?"

Na ce Abu Salim.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai ma nasa ne? Ai Abu Salim ba ya zuwa. Ɗauko jakarka."

Shi ya saya mini ruwa da burodi, ya saka ni a motar Makka, ya rubuta mini a bayan tikitina: unguwar Mansur, Baba Ilu mai tsire. Ban tambayi sunansa ba, kuma ban sake ganinsa ba. Wannan abin yana damuna har yau.

Sunana Garba, Abubakar a fasfo, mutumin Kadawa. Noman rani na gada, tumatir da albasa da tattasai. Injina na ban-ruwa na sayar na yi wannan tafiya, na bar Hauwa da yara biyu. Ni ba mai cika baki ba ne, amma a lokacin in dai maganar shuka ce, ba na jin akwai mahaluƙin da zai koya mini wani abu.

Baba Ilu tsoho ne da ya shigo ƙasar tun yana saurayi, ta Chadi da Sudan, rabi a ƙafa rabi a bayan akori-kura. Tsire yake gasawa a wani lungu na Mansur, abin da Larabawan garin ke kira siriya suna layi a kansa. Ya juya fasfona gaba da baya, ya ce, "Bizarka ta gaske ce, kafilinka ne na takarda. Wata uku gare ka. In ba ka samu wanda zai ɗauke ka ya yi maka iƙama ba, ka zama irinmu, masu kwana da takalmi a ƙafa." A ranar na koyi kalmomin biyu: kafili shi ne ɗan ƙasar da zamanka ke hannunsa, iƙama kuwa katin da ke nuna kana zaune da izini.

Ya ba ni tabarma a bayan shago. Aikina soke nama a tsinke da daka ƙuli-ƙuli. In aka ce ga jawazat, masu kamen marasa takarda, sai lungun ya watse kan ka ce kwabo, ni ma in bi sahu duk da ina da sauran kwanaki. Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Garin ne babu kore. Baƙaƙen duwatsu, kwalta, siminti, shi ke nan. Kewar gida ta kama ni har abinci ya daina shiga. Don kada in haukace na dasa gindin albasa a gwangwanayen madara na jera a kan katanga. Baba Ilu ya sa ni gaba da tsiya, wai Sarkin Noman Makka, amma shi ne ya tuna da ni ranar da wani mai sayen tsirensa ya ce yana neman mai kula da shukokin gida.

Gidan yana unguwar Awali. Mai gidan, Ustaz Faisal, ma'aikaci ne, dogo, baƙi kamar ni. Kakanninsa Hausawa ne da suka zo aikin Hajji ba su koma ba. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ka ji kamar ana jan jaki a tudu, rabi Larabci. Yadda ya bi ya raba ni da kafilin takarda ban sani ba. Cikin sati uku dai iƙama ta shekara ɗaya tana aljihuna. Na yi sujada a tsakar gidan.

Ya zagaya da ni: dabino huɗu, lemon tsami, ciyawa, fulawowi. Sannan ya kai ni wani saƙo a ƙarƙashin bene, gefen da rana ba ta taɓa leƙawa, kusa da ƙofar da sanyin na'ura ke fitowa. Tukwane shida ne a jere.

"Isma', ya Bakur," haka yake kirana, wato saurara, Abubakar. "Waɗannan na Ummi ne. Ƙanwata Amal ta kawo daga Amurka. Komai na gidan nan ya mutu, mafi mushkila, ba matsala. Waɗannan suka mutu, huruj."

Huruj ba sai an fassara mini ba. Bizar fita ce, wadda ba a dawowa.

Da ya tafi na tsuguna na ƙare musu kallo. Wani ɗan itace ne da bai wuce gwiwata ba, rassansa sirara suna lanƙwasowa ƙasa. Ganyensa ƙanana, biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe, bayansu da gashi mai laushi. Ɓawon tsohon reshe yana saɓewa zare-zare. Duk sun yi fari-fari kamar marasa jini. Na ce a raina, kai, mutanen birni! Wane mahaukaci ne ya ajiye shuka a inuwa? Tun ina bin babana fadama na san ko tumatir ka dasa a gindin mangwaro ba ka girbe shi. Shuka rana take so, da ruwa, da taki.

Ran Alhamis Ustaz Faisal ya tafi Riyad wajen aiki. Ni kuwa na naɗe hannun riga, na kwashi tukwanen nan ɗaya bayan ɗaya na jera su a tsakiyar gida inda rana ke faɗuwa sosai. Na zuba musu kashin tattabara, na ba su ruwa har ya tsiyayo. Ina yi ina jin daɗi, wai zan ba mutumin mamaki. Ran Juma'a na tafi Harami salla, na tsaya wajen Baba Ilu na ci tuwo, ban dawo ba sai la'asar sakaliya.

Tun daga ƙofa na hango ɓarnar. Ganyen sun naɗe sun yi ja kamar an soya su. Na taɓa ɗaya ya marmashe a hannuna. Na mayar da su ƙarƙashin bene da gudu, ina salati. Kafin sati ya zagayo huɗu sun bushe ƙayau. Biyu ne suka rage, su ma da ɗan ganye a gindi kawai.

Kwana biyu ina saƙa da warwara. In ce zafi ne? In ce haka na same su? Daga ƙarshe na ce gara in je in faɗa da bakina. Na yi sallama a ƙofar falon tsohuwar.

Hajiya Maryam, wadda kowa ke kira Ummu Faisal, a Makka aka haife ta. Ciwon suga ya zaunar da ita a keken guragu, kullum tana bakin taga. Hausarta irin ta da ce, wadda ko a ƙauyenmu sai wajen tsofaffi. Tun ranar da ta ji sunana Garba ta ce sunan mahaifinta ne, ba za ta iya faɗa ba, sai dai Babana.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, na yi ɓarna. Ni na kai shukokinki rana."

Na ɗago kai na dube ta.

"Na gan ka, Babana," ta ce. "Ina nan bakin taga kana ɗauka. Ka san me na ce? Cewa na yi, yawwa, yau an samu manomi a gidan nan. Mahaifina gero yake nomawa kafin ya taho. Kullum yana faɗa mana inuwa ba ta ciyar da kowa. Wata biyu ina kallon tukwanen nan a duhu raina na ɓaci, na rasa mai ɗauke mini su. Ɓarnar tamu ce mu biyu."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba.

Ta sa aka kira mata Amal ta waya mai hoto. Amal shekara tara tana can da mijinta, zuwanta gida sai a daɗe. Ba ta jin Hausa sosai, don haka ita tana Larabci, uwar tana juya mini. Ta fita bayan gidanta ta haska mana. Daji ne na manyan itatuwa, ga itacen nan a ƙarƙashinsu ya yi kurmi, tsayinsa zuwa ƙugu, wani har ƙirji. Ta ce can ne asalinsa, gabashi da tsakiyar ƙasar, har ya gangara wajen Meziko. A bakin daji yake fitowa da gefen rafi, a inuwar manya. Ba ya zaɓen ƙasa, ko tsakuwa ce ko laka, kuma in ya kama ba ya neman ruwa da yawa. Yana jure ranar can, amma ranar can ba ta Makka ba ce. Da damina yana yin wasu 'yan furanni da sai ka duƙa za ka gan su. Da kaka sai 'ya'yan su fito cunkus a jikin reshe, ja mai ratsin shuni. Ta turo hoton da ta ɗauka lokacin ƙanƙara: ƙasa fari fat, ganye babu ko ɗaya, sai 'ya'yan nan jere kamar tsakiyar murjani ta wuyan amarya. Ta ce ko da Turanci sunan murjanin aka sa masa.

"Ana ci?" na tambaya.

Ta ce a'a, yana ɓata ciki, sai dai tsuntsaye, su ma sai sun rasa wani abu. Ta ƙara da cewa duk inda reshensa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa, shi ya sa maƙwabtanta ke tumɓuke shi suna zubarwa don ya cika mamaye wuri.

Tabɗi! Wato sabarar Amurka ce. Abin da wasu ke sarewa su ƙone, shi ne zamana a ƙasar nan ke rataye a jikinsa.

Abu na ƙarshe da Amal ta faɗa shi ya fi nauyi. Itacen sai ya sha sanyi na gaske, ya zubar da ganye ya yi barci, sannan yake farkawa ya yi 'ya'ya. A Makka ko a inuwa ne, jinya kawai zai yi ta yi.

Hajiya ta kashe wayar ta daɗe tana kallon taga. "Shekara tara ina ganin 'ya'yan nan a bayan Amal in muna magana," ta ce. "So nake in riƙe su a hannuna sau ɗaya." Sannan ta ce suna da ɗan gidan hutu a kan dutsen Hada, hanyar Ɗa'ifa, inda ake sanyi. Da Ustaz Faisal ya dawo ta ce masa zafin Makka ne ya kashe huɗun, a kai sauran can, a kai ni tare da su. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba ta faɗi duka ba. Ya harare ni.

Direban gidan ne ya hau da ni. Hanyar tana nannaɗe dutse har kaina ya juya, ga gwaggon birai zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba. Gidan ɗaki biyu ne da fili, da itatuwan rumman da ɓaure. Na haƙa rami a gindin rumman, gefen katangar da rana ke taɓawa da safe kawai, na fitar da su daga tukwane na dasa a ƙasa. Na rufe gindinsu da busasshen ganye. Taki kuwa ban sake kusantar da shi ba.

Zaman Hada zaman kaɗaici ne. Babu Mansur, babu tuwo, babu mai ce maka ina kwana. Sai in yi sati ban furta Hausa ba in ba a waya ba. Wani ɗan Sudan mai gadin gonar furen wardi da ke maƙwabtaka, Usman, shi ke kirana shan shayi, kuma shi ya ba ni bargo da ya ga abin da nake rufa da shi. Itatuwan biyu kuwa suka murmure. Suka yi sabon ganye kore shar, ba irin na ƙarƙashin bene ba. Wani reshe ya kwanto ƙasa, na danne shi da dutse, bayan 'yan makonni na ja na ji ya kama. Sun zama uku. Na aika wa Hajiya hoto ta wayar direba, ta aiko mini da dabino da turare. Fure dai ba su yi ba a shekarar, wuyar da suka sha ta yi yawa.

Sai sanyi ya shigo. Ni da nake ganin na san sanyi, ashe wasa nake. Gajimare ne ke saukowa har ƙasa, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai. Ganyen suka yi rawaya, suka zube ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da tsinke uku a ƙasa. An faɗa mini haka za a yi, amma faɗa daban, gani daban. Na riƙa lallashin kaina da gawo. Gawon gonarmu da damina yake tuɓe ganye tas, kowa kore shi tsirara, baƙo ya gani ya ce ya mutu. Kowane itace da lokacinsa. Duk da haka kullum da safe sai na je na kankare ɓawon da farce in ga ko koren na nan.

A tsakiyar sanyin Ustaz Faisal ya hau da abokansa gashin nama. Fuskarsa ba annuri. Kai tsaye ya wuce gindin rumman ya tsaya a kan tsinkayen.

"Ina shukar?"

Na ce, "Ga ta nan, ya Ustaz. Barci take yi." Na kankare masa ɓawon. "Dubi, ɗanye ne."

"Na Amal yana zubar da ganye, sah, gaskiya ne. Amma na Amal da 'ya'ya a jiki. Naka fa?" Ya juyo ya dube ni. "Direba ya faɗa mini. Kai ka kai su rana. Wata takwas kana cin abincina kana ɓoye mini."

Na buɗe baki in ce Hajiya ta sani, sai na ga in na faɗa na tona mata asiri wajen ɗanta. Na fasa.

"Ummi tana asibiti," ya ce. "Kullum tana tambaya, ya yi 'ya'ya? Me zan ce mata? Kada ka kira ta. Halas, an gama."

A gabana ya ciro waya ya danna. Kafin su gama hura gawayi saƙo ya shigo tawa: an buga mini huruj, kwana sittin in bar ƙasar.

Na kira Baba Ilu. Ya ce, "Sauko kawai, ɗana. Tabarmarka na nan. Mu da muka shekara arba'in a haka mun mutu ne?" Na yi tunanin abin sosai, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna yadda lungun ke watsewa, na tuna tsoho mai jikoki yana gudu yana riƙe da wando. Na kuma tuna Hauwa, da abin da zan ce mata in na sauka Kano da jakar da na tafi da ita, ba inji ba sana'a. Duka biyun ba na so. Na ce masa bari in ga ƙarshen kwanakin.

Na ci gaba da ba itatuwan ruwa kaɗan-kaɗan, sau ɗaya a sati. Kwana talatin, ba komai. Arba'in, ba komai. Usman ya fara yi mini sallama irin ta rabuwa, har ya kawo mini kwalbar ruwan wardi in kai wa iyali. Ranar ta hamsin da ɗaya na duƙa da safe sai na ga wasu 'yan ƙuraje a jikin reshe, biyu-biyu. Bayan kwana uku suka fashe, ga ganye ƙanana kamar kunnen ɓera, a dukkan ukun. Na yi ta kabbara ni kaɗai a fili har Usman ya leƙo ta katanga.

Na tura wa Ustaz Faisal hoto. Bai buɗe ba. Na kira, bai ɗauka ba. Direba ma shiru. Saura kwana biyar, na ce zama bai gan ni ba. Na yanki reshe ɗaya tsawon tafin hannu, na naɗe gindinsa a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a aljihun gaba, na tari motar Makka. Niyyata in kai wa Hajiya ko a asibiti ne, don na san in ta gani ba za ta bari a kore ni ba.

Na isa Awali bayan magariba. Tun daga bakin layi na hango an ja igiyoyin fitilu a ƙofar gidan, an jera kujeru sahu-sahu a kan titi, ana karatun Alƙur'ani. Na san abin da wannan ke nufi a Makka. Wani dattijo a kujerar ƙarshe ya ce mini jiya aka yi wa Hajiya sallar jana'iza a Harami.

Na so in juya. Amma matar da ta kira ni Babana, ta rufa mini asiri, ba zan zo ƙofarta in tafi ban yi gaisuwa ba. Na shiga layi. Al'adarsu, 'yan gidan mamaci na tsaye a jere, kowa ya zo ya dafa kafaɗarsu ya yi addu'a ya wuce, ba a tsayawa hira. Ina matsawa ina ce wa kaina, Garba, kada ka kuskura. Mutum ya binne uwarsa jiya, ba yau ne ranar maganar iƙama ba. Na tura reshen can cikin aljihu, sai dai aljihun bai da zurfi.

Na iso gaban Ustaz Faisal. Idanunsa sun kumbura. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ku haƙuri." Na ɗaga ƙafa zan wuce sai ya riƙe mini hannu. Ba fuskata yake kallo ba, aljihuna yake kallo. Ya sa yatsu biyu ya zaro reshen. Ya juya shi a hasken fitila, ya shafa ganyen da babban yatsa. Layi ya tsaya a bayana, mutane suna leƙe.

"Yaushe?" ya ce.

"Kwana huɗu ke nan."

Ya rufe ido. "Kwana huɗu da suka wuce tana raye."

Ya sa reshen a aljihun rigarsa ya sake ni, na wuce.

A Mansur na kwana. Da safe ina ɗaure jakata, ina tambayar Baba Ilu motar filin jirgi, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo biyu ne. Na farko daga hukuma: an soke huruj, an sabunta iƙama. Na biyu daga Ustaz Faisal, cikin Hausarsa ta jan jaki: "Koma dutse, ya Bakur. In ya yi 'ya'ya ka kira ni."

Da kaka suka yi, cunkus, ja mai ratsin shuni, har rassan na taɓa ƙasa. Na kira shi ya hau shi kaɗai. Ya tsinki guda uku ya riƙe a tafin hannunsa, ya zauna a gindin rumman ya ba ni baya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban fito ba sai da na ji tashin motarsa.